Yadda Talakawan Maraɗi Suka Sa Hukuma Ta Sake Dokar Itace

 Wannan bayani ne a kan itace da ruwan sama da doka, da kuma hanyar da maganar talaka ta ke bi har ta isa zauren majalisa.

Duk falken da ya saba bin hanyar Daura zuwa Damagaram ta Kwangwalam da Matamai, in da rani ya yi tafiyar, ya san abin da ido ke gani bayan an ƙetare iyaka. Gonakin gero ne an girbe, ƙasa ta yi fari fat, amma a cikinsu ga gawo nan tsaitsaye birjik, kore shar, alhali sauran itatuwa duk sun kaɗe. Baƙo ya kan zaci ko daji ne da aka gada tun kaka da kakanni, ko kuwa gandun Gwamnati ne. To, ba ko ɗaya daga ciki. A wurare da yawa na ƙasar Maraɗi da Damagaram, dattawa suna tune da lokacin da mutum zai tsaya a bakin gari ya hango garin gaba, ba abin da ya tare masa ido sai ƙura. Yawancin itatuwan nan ba su haura shekara 40 ba, kuma ba dasa su aka yi ba. Barin su aka yi suka tsira. Abin tambaya shi ne, me ya hana a bar su a da, me kuma ya sa aka bar su daga baya? Amsar tana ga doka, da waɗanda suka matsa har aka sake ta.

Amma tukuna sai an faɗi abin da masana ke nufi da sauyin yanayi, don kalmar ta yawaita a bakin rediyo, ba kowa ya tsaya ya feɗe ta ba. Tun lokacin da ƙasashen Turai da Amurka suka shiga ƙona kwal da man fetur da yawa a masana'antu da jirage da motoci, akwai wata iska da ke fita tare da hayaƙin, ido ba ya ganinta. Ita ce ke taruwa a sama tana riƙe zafin rana, kamar yadda bargo ke riƙe ɗumin jikin mai barci. An auna an ga zafin duniya ya ƙaru da fiye da digiri 1 daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa yau, shekarar 2024 kuwa ta fi dukan waɗanda suka gabace ta zafi tun da aka fara rubuta awo. Digiri guda ba wani abu ba ne a baki. Manomi shi ya san nauyinsa, domin damina ta bar zuwa bisa ƙa'idarta. Ruwa ya yi jinkiri, ko ya faɗi a yi shuka sa'an nan ya ɗauke har tsiro ya ƙone, ko kuwa na wata guda ya zubo a dare ɗaya. A daminar 2024 ambaliya ta halaka mutum wajen 400 a ƙasar Nijar, jihar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi shan wuya, kuma a watan Satumba tsohon masallacin ƙasa na Birnin Damagaram, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ya rushe. Ba mai musun cewa ruwa na Allah ne, Shi ke saukar da shi inda Ya so. Amma ko ƙaramin almajiri ya san Allah Ya sanya wa kowane abu sababi, kuma bin sababi ba ya warware tawakkali.

Ƙasar Maraɗi ba baƙuwa ba ce ga mutanen Katsina da Kano. Sarakunan Katsina na Haɓe ne suka kafa garin bayan jihadi, harshe ɗaya, kasuwa ɗaya, auratayya kuwa ba ta yanke ba har gobe. Da Faransawa suka mallaki ƙasar sai suka ƙarfafa noman gyaɗa, kamar yadda Ingilishi suka yi a wannan ɓangare. Haraji ya sa kowa neman kuɗi, jama'a ta yi ta ƙaruwa, saurar da a ke bari ta huta aka daina barinta. Malaman gona kuma suka koya wa mutane cewa manomin kirki shi ne mai gona fes, ba kututture, ba saiwa, don garmar shanu ta wuce ba tuntuɓe. Wanda ya bar tsiro a gonarsa sai a ce rago ne.

A kan wannan sai doka ta zo ta ƙara. A cikin Yuli 1935 Faransawa suka yi dokar daji domin dukan ƙasashensu na Afirka ta Yamma, wadda ta mai da daji abin hukuma, ta kuma keɓe waɗansu itatuwa ta ce ba a sare su sai da takarda. Bayan samun mulkin kai, dokar da Nijar ta yi a 1974 ta bi sawun ta Faransawa, gawo yana cikin waɗanda aka keɓe. Niyyar masu dokar ita ce su tsare itace. Ga abin da ta haifa. Mutum yana da gawo a tsakiyar gonar da ya gada wurin ubansa, in ya sassare reshe don ya gyara rumbu, ma'aikacin gandun daji ya zo ya ci shi tara. In wani ya zo da dare ya sare itacen ɗungum, mai gona ba shi da bakin kai ƙara, tun da ba nasa ba ne, wataƙila ma shi za a kama. Saboda haka mai hankali ya ga ba shi da wata riba ga itace sai jawo wa kai fitina. Da ya ga tsiro ya ɗago sai ya sa fartanya ya kashe shi tun bai kai abin da ma'aikaci zai ƙirga ba. Dokar da aka yi don tsaron itace ita ta zama ajalinsa.

A nan akwai abin lura ga ma'abota fiƙihu. A mazhabar Malikiyya an lissafa hanyoyin da mutum ke raya matacciyar ƙasa har ta zama tasa, kamar fitar da ruwa, da gini, da noma, da dasa itace, har da sare itacen daji don a share wuri. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi a kan wannan babi, sunansa Ta'alimur Radi. Asalin da ke ƙarƙashin hukuncin shi ne wahalar mutum ba ta faɗuwa banza, wanda ya raya abu yana da haƙƙi a kansa. Dokar Nasara ta bar wa manomi rabin wannan asali ta ƙwace rabi: in ya share ya noma, amfanin nasa ne, in ya raya itace, na Gwamnati ne. Ba abin mamaki ba ne da ya zaɓi sharewa. A Damagaram har yanzu a kan ba da labarin Sarki Tanimu, wanda a ƙarni na 19 ya hana sare gawo da horo mai tsanani. To, amma a zamaninsa ba a raba mai gona da 'ya'yan gawonsa da inuwarsa ba.

Sai fari ya zo. Daga 1968 ruwa ya yi ta ja da baya har abin ya kai maƙura a 1973, dabbobi suka mutu ba adadi. Mutane ba su gama farfaɗowa ba sai ga na 1984, watau 1404 ta Hijira. Tsofaffin 'yan kasuwa ba su manta da shekarar nan ba, domin a cikin Afrilunta Gwamnatin soja ta Nijeriya ta rufe iyaka ta kuma canja takardun kuɗi, hatsin da ya saba hawa arewa ya tsaya. Shi ya sa mutanen can suka laƙaba wa yunwar sunan Janar Buhari, kamar yadda kakanninsu suka kira ta 1914 Kakalaba. Gonaki sun zama tsirara. Iskar farkon damina ta kan kwaso rairayi ta binne shuka ko ta yanke ta kamar da wuƙa, har mutum ya yi shuka sau uku ko sau huɗu a shekara guda. Mata su kan wuni tafiya neman itacen girki, in ba su samu ba su ƙona kara da kashin shanu, abin da ya kamata ya koma gona ya zama taki.

Hukuma ba ta zauna ba, gaskiya. A cikin Mayu 1984 Shugaba Seyni Kunce ya tara babban taro a Maraɗi a kan yaƙi da hamada, aka yi alkawarin dashe ko'ina. Ƙasashen waje suka zuba kuɗi, aka kafa wuraren renon itace, aka yi ta rarraba dogon yaro da turare a cikin leda. Mafi yawansu ba su ga damina ta biyu ba. Wanda rana ta bari, akuya ta ci, wanda akuya ta bari, gara ta gama da shi. Wa zai ɗebo ruwa daga rijiya mai gaba ashirin ya shayar da itacen da ba nasa ba?

Cikin masu wannan dashe akwai wani Bature mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ma'aikacin gona na mishan ɗin SIM, wanda ya zo Maraɗi a 1981. Shi ma ya sha kāshi kamar kowa. A 1983, yana kan hanyar kai dashe ƙauye, ya tsaya rage iskar taya saboda rairayi, sai ya duba ɗan kurmin da ke gefen hanya, irin wanda manoma ke sassabewa kowace bazara. Ya lura ganyen ba na ciyawa ba ne, na itace ne da aka sare tun da daɗewa, saiwarsa na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, kowace shekara tana tofowa a na kashewa. Ashe dajin bai mutu ba, a ƙasa ya ke a ɓoye. Ba za a ce Baturen nan ne ya ƙago dabarar ba, don manoman Hausa sun san renon tsiro tun da, kuma a ƙasar Magarya da Matamai da Mirya mutane sun kama yin haka da kansu ba da wani baƙo ya koya musu ba. Abin da za a yaba masa shi ne ya gane, ya kuma nace.

Ga yadda aikin ya ke, mutanen can suna ce masa sassaben zamani. In manomi ya zo sassabe ya tarad da kututturen kalgo ko sabara ko taramniya ko magarya ya fid da tofo ashirin, ba ya share su duka. Sai ya zaɓi mafi ƙarfi da miƙewa, ɗaya zuwa biyar, ya yanke sauran, ya sassabe ƙananan rassan na ƙasa har wajen rabin tsawon tsiron, da lauje ko gatari mai kaifi, yana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya tsage. Saiwar da ta riga ta yi zurfi sai ta tura dukan ƙarfinta ga 'yan tsiron da aka bari. A shekara biyu ko uku sai ga itace ya fi mutum tsawo, ba shayarwa, ba shinge, ba ko anini. Gawo kuwa sau da yawa daga kashin dabbobi ya ke fitowa, abin da ya ke bukata kurum fartanya ta kauce masa. Shi gawo halinsa dabam ne da na sauran itatuwa: da damina ya ke zubar da ganye, saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar ya zama taki, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Da rani ya yi ganye, dabbobi su kwanta a inuwarsa su bar taki, 'ya'yansa kuma abinci ne gare su, har a na aunawa a kasuwa. Kowane manomi ya san geron gindin gawo ya fi na fili.

Manoma kimanin goma suka fara gwadawa, aka yi ta yi musu dariya a na ce musu mahaukata, waɗansu ma aka bi dare aka sare musu tsiron. Da yunwar 1984 ta tsananta, mishan ta raba hatsi a ƙauyuka wajen 100 bisa sharaɗin kowa ya bar tsiro a gonarsa, aka raya itace wajen 500,000. Da aka yi girbi mai kyau aka daina rabon hatsi, sai aka sare kashi biyu cikin uku. Wannan ya nuna abin da aka yi don ciki ba ya daɗewa. Amma sulusin da ya rage ya isa hujja, domin masu shi sun ga gero bai ragu ba, iska ta rage ɓarna, ga kuma itacen girki a bakin gona.

Daga nan ne maganar ta bar gona ta koma zaure. Manoma suka ce ba za su wahala a kan abin da za a ci su tara in sun taɓa ba. Aka kai kukan ga ofishin gandun daji na Maraɗi, aka yi ta kai da kawowa, har shugabannin ofishin suka yarda su sassauta, su bar wanda ya raya itace a gonarsa ya amfana da shi ba tare da tsoro ba. Ba a sake ko harafi ɗaya na doka a Yamai ba a lokacin. Ma'aikatan wuri guda ne suka kau da kai, suna kallon abin da zai faru. Sa'an nan kuma Gwamnati ta shiga ƙuncin kuɗi a ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990, ma'aikata suka rage yawo a ƙauyuka. Talaka ya duba bai ga mai hana shi ba, ya ɗauka itacen nasa ne, ya kama tsaronsa kamar yadda ya ke tsaron akuyarsa.

Sauran ɓarawo. In hukuma ta janye, wa zai hana mai gatari da dare? A nan ne mutanen wani ƙauye mai suna Ɗan Saga, a ƙasar Agye gabas da Maraɗi, suka yi abin da ya sa sunansu ya kai nesa. Da taimakon wani shirin raya karkara na asusun IFAD, suka zauna suka naɗa kwamitin tsaro daga cikinsu, suka tsara ƙa'idodi: wane itace a ke sassabewa, yaushe, wa ke da izini, mene ne horon wanda ya sare na wani. Hikimar da suka yi ita ce ba su bar kwamitin ga masu gona maza kaɗai ba. Sun sa mata, domin su ke neman itacen girki, kuma su a ka fi zargi. Sun sa samari, domin su ke da ƙafar zagaye. Sun sa Fulani makiyaya, domin su ke sassako ganye saboda shanu, kuma dokar da aka yi ba da mutum ba, ba ya jin kunyar karya ta. Wanda aka kama a kan fara da jan kunne, in ya sake a ci shi tara, in ya ƙi a kai shi gaban mai gari, daga nan sai hakimi. Maƙwabta suka gani suka kwaikwaya, har ya zama wajen shekarar 2007 akwai irin wannan kwamiti 53 masu lura da ƙauyuka 170 a ƙasar Agye. Sarakuna da ma'aikatan gandun daji, waɗanda da su ne abin gudu, suka amince da su suka zama masu mara musu baya.

Dokar ƙasa ta biyo baya sannu sannu, kamar raƙumi da kaya. A 1993 aka yi dokar karkara wadda ta yarda da haƙƙin gado na gona, ta kuma kafa hukumomin ƙasa tun daga ƙauye har sama, inda sarakuna da ma'aikata da wakilan manoma da na makiyaya da na mata ke zama tare. A 2004 aka sake dokar daji. A cikin Yulin wannan shekara kuma aka yi zaɓen ƙananan hukumomi 265, kowace da majalisarta da magajin garinta, sarakuna suna zama a ciki su ba da shawara amma ba su jefa ƙuri'a. Wanda ya san majalisar En'e ta da zai gane fasalin, sai dai a nan talakawa ne suka zaɓi masu zama.

Wannan ya buɗe wa ƙungiyoyin ƙauye ƙofar da ba su da ita. Da, mai kuka sai ya jira baƙo daga Yamai. Bayan zaɓen 2004 kansila ya zama ɗan garinsu, a na haɗuwa da shi a masallaci da wurin suna da jana'iza, kuma ya san zai dawo neman ƙuri'a. Kowace ƙaramar hukuma an wajabta mata ta rubuta tsarin ayyukanta na 'yan shekaru, ta bi ƙauyuka ta ji abin da ke damunsu kafin ta rubuta. Ƙauyen da ya zo da kwamiti tsayayye da magana ɗaya, shi a kan rubuta bukatarsa. Akwai kuma abin da ɗan kasuwa zai fi kowa saurin ganewa. Tun 1992 doka ta yarda ƙauyuka su kafa kasuwar itace tasu, harajin da aka karɓa a raba tsakanin ƙauyen da hukumar yankin da baitulmalin ƙasa. Ɗan Saga ta kafa tata. Da majalisa ta ga itacen gona yana kawo mata kuɗin shiga, ba ta bukaci dogon wa'azi ba kafin ta tsaya a kan tsaronsa.

Mata ma ba a bar su a baya ba. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani irin adashi a ƙasar Maraɗi mai suna Mata Masu Dubara. Mata su kan taru kowane mako, kowace ta zuba abin da ta iya a akwati, a ba mai bukata rance ta yi sana'a ta mayar. Abin ya bazu ƙasar duka har ya ƙetare zuwa ƙasashe da yawa. Matar da ta saba riƙe lissafi da yin magana a gaban 'yan'uwanta talatin ba ta jin nauyin tsayawa gaban magajin gari. Da zaɓe ya zo, da yawa daga cikinsu suka tsaya suka ci kujerar kansila, da taimakon dokar shekarar 2000 wadda ta keɓe wa mata kaso a cikin zaɓaɓɓu. Maganar itacen girki da rijiya da rumbun tsimi ta shiga majalisa ta bakin waɗanda abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya.

A ƙasar Dakwaro, arewa da Maraɗi, inda noma ke iyaka da kiwo, an ɗauki abin ta fuskar sauyin yanayi kai tsaye. Daga 2010 ƙauyuka 20 a cikin ƙananan hukumomi 4 suka zauna, maza dabam mata dabam, suka lissafa masifun da suka same su a shekarun baya da abin da ya fi cutar da su, suka tsara abin da za su yi: irin gero da wake mai saurin nuna, renon tsiro a gona, jinginar hatsi a rumbun jama'a don kada a sayar da shi da arha da kaka a saye shi da tsada da bazara. Aka kafa ma'aunin ruwan sama a ƙauyukan, wani daga cikinsu ya riƙa karantawa yana aikawa ta waya, don a san ko ruwan da ya sauka ya isa shuka ko a dakata. Sa'an nan suka ɗauki tsarin nan nasu suka kai wa majalisun ƙananan hukumominsu, aka shigar da shi cikin tsarin hukuma. Watau maimakon takarda ta sauko daga sama a karanta wa talakawa, daga ƙasa ta hau.

Ƙarshen tafiyar dokar shi ne ran 30 ga Yuli 2020, cikin Zulhajji na 1441, zamanin Shugaba Mahamadu Isufu, da Gwamnati ta fitar da doka musamman a kan renon tsiro a gona, ta tabbatar wa manomi haƙƙin amfana da itacen da ya raya. Daga ranar da manoman farko suka sha dariya zuwa ranar nan shekara 37 ke nan. Abin da aka sa wa hannu a Yamai, mutanen ƙauye sun daɗe suna aiki da shi.

Me aka samu? Wani masani na Amurka, Gray Tappan, ya gwada hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a 1975 da waɗanda aka ɗauka bayan shekara ta 2000, ya tarar a wurare da yawa itace ya ninka sau goma har sau ashirin, alhali mutane ma sun ƙaru ƙwarai. Shi da abokan aikinsa, cikinsu har da Chris Reij da Mahamane Larwanou, suka kimanta ƙasar da ta farfaɗo ta kai hekta miliyan 5, hekta guda kuwa eka biyu da rabi ce, da itace wajen miliyan 200. An kimanta ƙarin hatsin da a ke samu ya kai tan 500,000 a shekara, watau buhu miliyan 5 mai kilo 100. Kimantawa ce, ba ƙirga ɗai ɗai ba, amma ko an rage rabi abin da ya saura ba kaɗan ba ne. A yunwar 2005 an lura ƙauyukan da ke da itace sun fi jurewa, domin mai itace yana da abin kai wa kasuwa ya auno hatsi, ko itacen wuta, ko 'ya'yan gawo, ko kuka, wadda matan ƙasar Mirya ke ciniki da ita sosai. Hotunan nan sun kuma nuna wani abu mai ɗaci ga mutanen kudu da iyaka: a kudancin Damagaram, ɓangaren Nijar ya fi na Nijeriya duhun itace, ko da ya ke ƙasa ɗaya ce, mutane ɗaya, ruwan sama ma na kudu ya ɗan fi.

Kada a zaci al'amarin ba shi da tabo. Ruwan sama ya ɗan dawo bayan shekarun 1980, wannan ya taimaka, ko da ya ke da ruwa kaɗai ne da an ga haka a ko'ina. Wanda ba shi da gona ba shi da itace, kuma matar da ta saba tsintar itace a fili kyauta, yau fili ya zama mai mai shi. Makiyayi mai wucewa, wanda ba ya cikin kwamitin kowa, ya kan tarar reshen da ubansa ke sassaka ba tambaya yanzu ya zama abin shari'a, kuma inda aka cinye burtali rigima ba ta ƙarewa. Ƙananan hukumomi da yawa sun rubuta tsari mai kyau, kuɗin aikatawa ya gagara, takarda ta kwanta a akwati. Itace kuma yana tare iska ya riƙe laima, amma ba ya hana zafin duniya ƙaruwa, domin hayaƙin da ke jawo shi ba daga Maraɗi ya ke tashi ba.

Sa'an nan ita kanta ƙofar da aka buɗe a 2004 an tura ta. Bayan juyin mulkin Yuli 2023, Gwamnatin soja ta rushe zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi a cikin Afrilu 2024, ta naɗa kantomomi su riƙe. Kantoma yana iya zama adali mai jin kuka, amma wanda ya naɗa shi ya ke duba, ba ya dawowa ƙauye neman ƙuri'a. Kwamitocin ƙauye da ƙungiyoyin mata sun girmi majalisun nan, tun ba su suka fara, da mai gari da hakimi da ma'aikacin gandun daji suka yi ta fama har suka sami abin da suka samu. Dokar 2020 kuwa a rubuce ta ke, wanda ya raya gawo a gonarsa yana da takardar da zai nuna.